Tafintan Adda

Mun sauka a Delhi da hantsi, ni da Adda, tana kan keken marasa lafiya da wata ma'aikaciyar filin jirgi ta turo mana. Zafi ne ya fara tarbar mu. Mutumin Jos bai san zafi ba sai a labari; ni ko Kano na je, kwana biyu nake yi in gudo. Zafin can kuwa, iskar kanta sai ka ce daga bakin gidan burodi take fitowa. Adda tana cikin suwaita da mayafi biyu, don ƙanwata Hauwa'u ta gaya mata ƙasar waje sanyi gare ta. Gumi yana bin wuyanta amma ba ta cire ko ɗaya ba, tunda ni ne a tsaye a kanta.

Adda ita ta haife ni, ni ne ɗanta na fari. Mu Fulanin unguwar Dilimi ne a Jos, irin waɗanda kakanninsu suka zauna tun zamanin haƙar kuza. Shanu sun tafi, Fulatanci ya tafi, kunya ce kaɗai ta ƙi tafiya. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar babana, can ƙarshen layinmu. Na tashi ina jin ƙannen uwata suna ce mata Adda, ni ma na bi sahu. Ƙannena kuwa Inna suke ce mata, su hau cinyarta, su ci kwano ɗaya da ita. Ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idona ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta dubi wanda ke kusa, ko da kaza ce, ta ce, “A gaya wa ɗan Goggo ana nemansa.” Kowace safiya, tun ina yaro har na yi iyali, akan kawo mini kunun gyaɗa daga ɗakinta, a ce, “In ji Inna, ragowa ce.” Ban taɓa ɗaukar wannan da zafi ba. Haka na tarar ana yi, haka na haura shekara arba'in.

Abin da ya kai mu Indiya, wata rana ce ta sunkuya za ta ɗaga bokitin wanki, sai bayanta ya ce ƙas. Aka kira maɗori, ya shafa ya ɗaure, babu labari. Aka je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana ƙasusuwan bayanta a jere, uku daga ciki sun lotsa. Ya ce ƙashin tsofaffin mata yakan yi rauni har ya burma da kansa ba tare da an faɗi ba. Aka ba ta ɗamara da ƙwayoyi, ta shafe watanni a kwance. Hauwa'u ke jinyarta, ita take gaya mini yadda Adda ke cizon matashi in za a juya ta. Ni ban taɓa gani ba. Duk ranar da na je dubiya, ina sallama zan tarar da ita zaune ƙyam, ta ja mayafi, tana kallon bango.

Likitan ne ya kawo maganar wani aiki da ake yi ba tare da an tsaga mutum ba. Ya ce allura ce ake sokawa har cikin ƙashin da ya lotsa, a ɗura masa wani irin siminti, ya daskare ya tokare shi, ciwon ya kwanta. Na yi dariya, don ni sana'ata ke nan, bulo nake bugawa a bakin hanyar Bauchi, ban kuma taɓa tunanin za a kai ga uwata ba. Ya ce ana yi a nan gida ma, amma na'urar wurin da ya sani ta lalace, babu ranar gyara. Aka shirya Hauwa'u ta raka ta, sai biza ta fito cikin Hauwa'u ya tsufa. Tafiya ta faɗo kaina. Da Goggo ta ji, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, “To, Allah ya kai ku lafiya. Sai dai ku tafi da kazar da za ta riƙa isar muku da saƙo.”

A bakin filin jirgi wani mutumin ƙasarmu ya tarbe mu, wai shi Dokta Sabo. Ba likita ba ne, dillalin marasa lafiya ne, amma ya fi likitoci ƙamshin turare, ga wayoyi uku a hannu. Tun muna gida ya yi mana alkawarin masauki a ƙasa kusa da asibiti, da mace mai jin Hausa da za ta yi wa Adda tafinta. Masaukin da ya kai mu can saman bene yake, lif ɗin da ke hawa da mutane kuma ya daɗe da mutuwa har an jingina tsintsiya a ƙofarsa. Ni da maigadin gidan muka ɗora Adda a kujerar roba muka ciccibe ta. Kowane taki sai kujerar ta girgiza. Ko uffan ba ta ce ba, sai da muka kusa kaiwa ta dubi maigadin, Ba'indiye wanda ko sannu bai sani ba, ta ce masa, “A gaya masa ya bi a hankali, kada ya ja wa kansa ciwon baya.”

Washegari tafinta ta zo, sai ga ta namiji, kuma Larabci yake ji. Ashe Dokta Sabo ya gaya wa asibitin mu mutanen Sudan ne. Mutumin ya yi ta zuba wa Adda Larabci, ita kuwa tana amsawa da amin, ta ɗauka addu'a yake mata. Na kira wayoyin Dokta Sabo ɗaya bayan ɗaya, duk ukun a kashe. Daga ranar ya yi layar zana. Ban wahalar da kaina nemansa ba, don garin ba irin wanda ake neman mutum a ciki ba ne. Ko tsallaka titi sai na laɓe a bayan wata tsohuwa na bi ta. Ya zamana Turancina na sakandare, wanda na ƙara wasawa wajen gardama da 'yan kwangila, shi ne abin da muke da shi.

Likitan da zai yi aikin dattijo ne mai rawani da gemu. Adda na ganinsa ta gyara zama ta ce, “Allah gafarta Malam.” Ban gaya mata ba Musulmi ba ne, shi ma ban fassara masa ba. Bayan an sa ta cikin wata na'ura mai kama da bututun kwalbati an ɗauki sabon hoto, ya zaunar da ni ya yi mini bayani a natse. Ya ce ƙasusuwa uku sun lotsa, amma ba kowane lotsattsen ƙashi ke ciwo ba. Wani ya riga ya warke a lotsensa. Ya ce aikin ƙarami ne, amma jijiyar laka tana nan dab da wurin, in simintin ya tsiyaya ya taɓa ta, ƙafa na iya mutuwa. Don haka ba ya soka allura sai inda ya tabbata ciwon yake, kuma sai ciwon ya isa a ɗauki wannan kasadar. “Ni ba hoto nake yi wa magani ba,” in ji shi, “mutum nake yi wa.”

Aka kwantar da ita rubda ciki. Ya dunƙule hannu ya riƙa bubbuga ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, yana duban fuskarta. Ni ina tsaye a gefe. Ko gezau ba ta yi ba.

“Tambaye ta ina ne ke ciwo,” in ji shi.

Na dubi labule na ce, “Ana tambaya, wai ina ne ke ciwo.”

Ta dubi nas ɗin da ke riƙe da zanenta ta ce, “A gaya masa Alhamdulillahi, jiki ya yi sauƙi.”

Na so in murɗe maganar, amma mutumin idonsa ya fi yarda da shi. Ya ce ta tashi zaune, ta tashi. Ya ce ta miƙe tsaye, ta dafa gado ta miƙe, fuskarta sumul kamar za a ɗauke ta hoton fasfo. Matar da aka ce mini sai mutum biyu sun kama ta take juyawa.

Ya wanke hannu ya ce mini, wadda ke iya wannan ba ta bukatar allurarsa. Mu koma gida da ɗamara da magani. Na ɗaga murya, na ce mun ƙetaro duniya, na ce ƙanwata ta ga tana cizon matashi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce sau da yawa 'ya'ya sun fi iyayen jin ciwon. Amma ya yarda mu dawo ya sake dubawa sau ɗaya kafin ƙarshen mako. In abin da ya gani yau ya sake gani, zai sallame mu. Muka hau keken haya muka koma, kowa yana kallon gefensa na titi.

Kwanakin da suka biyo baya babu daɗi. Adda ta ƙi abincinsu, ta ce komai ƙamshin magani yake. Ruwan shayi take kurɓa ta kwanta. Ni kuma na shimfiɗa darduma a baranda don in ba ta ɗakin, ina zaune ina kallon wayoyin lantarki da tattabaru. Abin da na yi kewa ba iyalina ba ne da farko, gaskiya. Sanyin safiyar Jos ne, wanda kake tsayawa bakin mai masa kana hura hannu, da duwatsun da kake hangowa daga ko'ina ka tsaya. A can, duk inda ka duba gini ne da mutane, kowa yana sauri, wasu kuma su tsaya su zuba maka ido kamar ka faɗo daga sama.

Gidan yana da ɗakin girki ɗaya na haɗaka, don duk masu jinya ne a ciki, mutanen ƙasashe iri-iri. Wata rana ina saukowa sai ƙamshin daddawa ya doki hancina. Na bi shi kamar akuya. Na tarar da wata mata mai jiki, ta ɗaura zane a kan doguwar riga, tana juya tukunya tana waƙar coci da Hausa.

Na ce, “Sannu da aiki.”

Ta juyo da ludayi a hannu. “Jesus! Oga, kai daga ina?”

“Jos. Dilimi.”

“Ni Tudun Wada! Kai, Allah mai iko. Zauna, zauna, abeg.”

Sunanta Madam Ladi, tana sayar da gwanjo a kasuwar Taminus, ta kawo mijinta Oga Dung da ciwon ƙoda, yana kwance a wani asibiti daban. A gida, tun da rikici ya raba gari kowa ya san unguwarsa, ni ba na hawa wajensu in ba dole ba, ita ma ta ce ta manta rabon da ta taka Dilimi. A can kuwa sai ga mu muna lissafa ramukan titi ɗaya muna dariya. Gwaten acca take yi, da accar da ta ƙullo a cikin akwati. Ta zuba a kwano ta bi ni sama. Adda ta cinye tas, har da suɗe cokali.

Na bar su suna hira na fita sayen ruwa. Da na dawo, na kai hannu ƙofa ke nan sai na ji wani sauti daga ciki, nishi mai tsawo, can ƙasan maƙogwaro, irin na saniyar da ta kasa tashi. Na ji muryar Madam Ladi tana cewa, “Sorry Mama, sannu, riƙe ni, riƙe ni.” Na tsaya kamar an dasa ni. Can na yi gyaran murya na yi sallama. Sautin ya yanke nan take. Na shiga na tarar da Adda zaune ƙyam, ta ja mayafi, tana kallon bango.

Madam Ladi ta jawo ni baranda. “Oga, kai ne problem,” ta ce.

“Ni kuma?”

“Kai mana. Mama naka yana mutuwa da ciwo, amma da ya ji tafiya naka sai ya zama soja. Kai first born ne, ko? Na sani. Maƙwabta namu Fulani ne kafin su tashi. Gobe ni zan shiga da shi wurin doctor. Kai ka zauna waje kamar direba.”

Haka aka yi. Na zauna a benci a bakin ƙofa, tsakanin wani Balarabe mai sanda da wata mata mai goyo. Ƙofar ba ta da kauri. Na ji bugun farko shiru, na biyu shiru, a na uku Adda ta ƙwalla ƙara tana kiran sunan Allah. Ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba, ko ranar da babanmu ya rasu. Balaraben ya dube ni ya ɗaga hannu sama. Ni kuwa murna da baƙin ciki suka haɗu mini: na ji daɗi likita ya ji, na kuma ji ciwon cewa sai da na fita.

Likita ya fito ya zauna kusa da ni a bencin. Ya ce yanzu ya san ƙashin, guda ɗaya ne, na ƙasa. Ya ce Madam ta yi masa bayanin al'adarmu, kuma su ma a ƙauyensu akwai matan da ba sa kama sunan mazajensu har su mutu, don haka bai yi mamaki can ba. Amma akwai sharaɗi. Ba za a sa ta barci ba, wurin kawai za a kashe, don yana so ta kasance a farke. In yana ɗura simintin ta ji zafi ko tsami ya sauka ƙafarta, dole ta faɗa a wannan daƙiƙar, ba bayan an gama ba. Yana bukatar mai jin yarenta a zaune a kanta, wanda kuma za ta yarda ta yi wa magana. Madam Ladi ta buga ƙirji ta ce ita ce nan.

Ranar aikin da safe mun isa, an canza wa Adda kaya an shiga da ita, babu Madam Ladi. Sai ga wayarta, tana haki. Jikin Oga Dung ya rikice, an shiga da shi ɗakin gaggawa, ba za ta iya motsawa ba. “Oga, ka yi haƙuri, ka yi haƙuri,” take ta faɗi, kamar ita ta yi mini laifi. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Na je na gaya wa likita. Ya shafa gemu, sannan ya ce ko dai in shiga ta yi mini magana, ko a fasa. Ba zai yi aiki a kan mutumin da zai yi masa shiru ba.

Aka sa mini hula da takunkumi da wata riga mai nauyin dalma saboda hasken na'urar hoto, aka rufe mini takalma da shuɗiyar leda. Ɗakin sanyi ƙalau, karo na farko da na ji iskar gida tun zuwanmu. Adda tana kwance rubda ciki, an rufe ta da koren ƙyalle sai wuri kamar faɗin tafin hannu a bayanta a buɗe. Fuskarta tana cikin wani matashi mai rami, ba ta ganin komai sai daɓe. Aka ajiye mini kujera a saitin kanta.

“Gaya mata kana nan,” in ji likita, “kuma ka gaya mata dole ta yi magana.”

Na buɗe baki ban san da wa zan aika saƙon ba. Babu labule, babu kaza. Ban san daga ina dabarar ta zo mini ba. Na ji kaina ina cewa, “Sannu Hajiya. Ni ne tafintan asibitin nan. Likita ya ce duk abin da kika ji ki gaya mini.”

Ban taɓa ce mata Hajiya ba. Nas ta ɗago ta dube ni. Ina kallon yatsun Adda suna murza bakin ƙyalle.

“Sannu, Malam tafinta,” ta ce. “Mutumin ina ne?”

“Kano, Hajiya.”

“Ikon Allah. Ga murya kamar ta mutanen Jos.”

“Na ɗan zauna a can.”

“To madalla. Gaya masa ya bismillah.”

Aka yi allurar kashe wuri, ta ce, “Malam tafinta, wannan ta shiga.” Na fassara. Likita ya gyaɗa kai, da alama ya samu abin da yake so. Ya ɗauko wata allura mai kaurin tsinken tsire, ya kafa, ya riƙa ƙwanƙwasa ta da 'yar guduma yana duban allon hoto, inda nake ganin ƙashin uwata fari-fari da bakin allurar yana kutsawa a hankali. Ta ce tana jin dannawa amma ba zafi. Ya zura wani ɗan balan-balan ya hura a cikin ƙashin don ya ɗaga inda ya burma, ya zare. Nas ta kwaɓa simintin a wani ɗan kofi, warinsa ya cika ɗakin, irin na gam ɗin masu faci. Ban san sanda na leƙa don in ga ko kwaɓin ya yi ruwa ba. Sai da ya yi kaurin man goge baki sannan suka fara ɗurawa, na ga baƙin abu yana yaɗuwa a cikin farin ƙashin.

Ana cikin haka ta ce, da ƙarfi, babu jan rai, “Malam tafinta, gaya masa cinyata ta hagu ta ɗauki zafi.”

Na faɗa da Turanci kafin ta rufe baki. Hannun likita ya tsaya cak. Ya juya na'urar ya duba ta wani gefen, ya sake dubawa, ya nuna wa mataimakinsa wani ɗan ɗigo a bakin ƙashin. Ya ce ta motsa yatsun ƙafa. Ta motsa. Ya ce ta ɗaga dunduniya. Ta ɗaga. Muka jira. Can ta ce zafin yana janyewa, sannan ta ce ya tafi. Likita ya sauke numfashi ya ce abin da ya shiga ya isa, ba zai ƙara ko ɗigo ba. Ya zare allurar, ya manna 'yar filasta wadda ba ta kai ta yankan reza ba. Ya dafa kafaɗata ya ce da ta yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da wani zancen ake yi.

Aka ce kada ta motsa sai simintin ya kama, ni kuma in zauna in riƙa ɗebe mata kewa. Suka koma gefe suna tattara kayansu.

“Malam tafinta.”

“Na'am, Hajiya.”

“Kana da uwa?”

“Ina da ita.”

“Allah ya bar maka ita. Ni ma ina da wani ɗa, babba. Aikinsa ke nan, siminti. Duk hannunsa ya tsattsage, ba ya shafa mai. Tun yana ƙarami sanyi ba ya barin ƙirjinsa, ga garinmu da sanyi, ga Goggonsa ba ta tashi da wuri.”

Ta ci gaba:

“Kullum nakan aika masa da kunu, in ce ragowa ce. Ba ragowa ba ce, Malam. Nasa nake fara zubawa, tun kafin na ubansa.”

Na yi kuka. Babu wata hanyar faɗinsa. Na zauna cikin rigar dalma, ƙato da ni, hawaye yana jiƙa takunkumi, ina danne numfashi kada ta ji. Daɗi na ji, irin wanda ke da ciwo a ciki.

“In Allah ya haɗa ku,” ta ce, “kada ka gaya masa.”

“Ba zan gaya masa ba, Hajiya.”

Da la'asar ta taka da ƙafarta, daga gado zuwa ƙofa, nas tana riƙe da gwiwar hannunta. Ta tsaya ta saurari bayanta kamar mai jiran a kira ta, ba ta ji komai ba. Na shigo sanye da kayana na gida, babu takunkumi. Ta ja mayafi, ta dubi nas ɗin ta ce, “A gaya wa ɗan Goggo ya nemo mini ruwan zafi.” Na je na nemo.

Oga Dung ya tsallake, amma jinyarsa da saura, don haka a can muka bar su. Kafin mu taso, Adda ta sauka ɗakin girki da kanta, tana bin bango, ta dama kunun gyaɗa ta ce a kai masa asibiti. Madam Ladi ta rungume ta tana hawaye, ta ce in sun dawo sai ta zo Dilimi ko da me ake yi a gari. Ni kuma ta harare ni ta ce, “Oga direba, yaya kuka yi ranar nan?” Na ce asibitin ne suka ba da tafinta. Ta dube ni, ta dubi Adda, ta ce, “Hmm,” ta koma kan tukunyarta.

Mun iso Jos ana yayyafi. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, kowa yana so ya ga matar da aka zuba wa siminti, wasu har suna neman su taɓa. Hauwa'u ta haihu muna can, Adda ta karɓi jaririyar a tsaye. Goggo tana gefe tana jira, sai da aka natsa ta ce, “To ni abu ɗaya nake so in ji. Ku biyun nan, wa ya riƙa isar muku da magana?”

Adda ta gyara wa jaririyar hula. “Suna da tafinta a asibitin,” ta ce. “Wani bawan Allah ɗan Kano. Mai haƙuri ne ƙwarai. Allah ya yi masa albarka.”

Aka ce amin, ni ma na ce amin.

Washegari na koma wurin bulo. Sanyi ya sauko sosai, ma'aikata suna ta hura hannu kafin su kama shebur. Ban gama buɗe shago ba sai ga mijin Hauwa'u ya tsaya da babur, ya miƙo mini fulas.

“In ji Inna,” ya ce. “Wai ragowa ce.”

Na ce a gaya mata an gode. Na zauna a kan buhun siminti na buɗe, tururi ya bugi fuskata, na shanye shi da zafinsa.